Darasi na Tara: Duwatsun Mandara, Mashigansu da Wuraren Ziyara

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya:

1. faɗin inda duwatsun Mandara suke da irin amfanin da suke yi wa Mubi;
2. bayyana abin da ake nufi da mashigi, da dalilin da ya sa hanyoyi ke bin sa;
3. kawo fitattun wurare uku da ke cikin waɗannan duwatsu;
4. lissafa abubuwan da gari ke buƙata kafin ya zama wurin shaƙatawa.

Gabatarwa

Duk wanda ya tsaya a Mubi ya fuskanci gabas, abin da zai tare masa ido shi ne jerin duwatsu, wani a bayan wani, har inda gani ya ƙare. Waɗannan su ne duwatsun Mandara. Da yawa daga cikinmu mun saba da su har ba ma ɗaga kai mu dube su. Alhali kogin da ya ratsa garinmu daga cikinsu yake fitowa, shanu da hatsi masu yawa da ke shiga kasuwanninmu ta tsakaninsu suke biyowa, kuma wurin da duniya ta fara karramawa a Nijeriya saboda tarihinsa yana bisansu. Dukiya ce da muka gada, kuma wanda bai san dukiyarsa ba, ba zai iya tsaronta ba, balle ya ci moriyarta.

Inda duwatsun suke

Duwatsun Mandara sun miƙe kusan kilomita 200 a kan iyakar Nijeriya da Kamaru. Sun faro daga kusa da kogin Binuwai a kudu, suka yi arewa har wajen Gwoza a jihar Borno da Mora a Kamaru. A ɓangarenmu sun taɓa ƙananan hukumomin Maiha, Mubi ta Kudu, Mubi ta Arewa, Michika da Madagali. Wanda ya fi tsawo a cikinsu shi ne dutsen Upai da ke ɓangaren Kamaru, mai tsawon mita 1,494 daga daidai da fuskar teku. Mubi kanta tana gindinsu ne, a kan tsawon kimanin mita 580.

Babban aikin da dutse ke yi shi ne raba ruwa. Idan sama ta zubo a kan ƙololuwa, wani ruwan ya gangara nan, wani ya gangara can, kuma ba za su sake haɗuwa ba. Kogin Yedzaram ya taso daga duwatsun kudu da Mubi, ya ratsa garin, ya yi arewa ta Uba har Bama, ya nufi kwarin tafkin Cadi. Mayo Luti kuwa, a ɓangaren Kamaru, kudu ya yi, ruwansa ya ƙare a Binuwai, daga can sai Neja, sai teku. Wannan ne ya sa a wurare da dama iyakar ƙasashen biyu take bin bisan duwatsun, daidai inda ruwa ke rabuwa.

Ita wannan iyaka ba ta daɗe ba. Jamusawa ne suka fara mamaye yankin a farkon ƙarni na 20, Ingila da Faransa suka ƙwace shi a Yaƙin Duniya na Ɗaya suka raba tsakaninsu. A watan Fabrairu 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama, mutanen wannan ɓangare suka zaɓi Nijeriya, suka shigo a ranar 1 ga Yuni 1961. Aka sa wa yankin suna Lardin Sardauna, Mubi ce hedikwatarsa. Shi ya sa har gobe za ka tarar da dangi ɗaya rabi a nan rabi a can. Kamwe na Michika, waɗanda aka fi sani da Higi, su ne Kapsiki na Kamaru. Haka Gude da Fali suke da 'yan'uwa a ƙetaren dutse.

Mashigai

Mashigi shi ne wurin da dutse ya yi ƙasa tsakanin ƙololuwa biyu, har mutum da dabba za su iya wucewa ba tare da sun hau can bisa ba. Galibi ruwa ne ke buɗe shi. Rafi yana cin dutse shekara da shekaru har ya yi kwari, sai mutane su bi kwarin su haura, su sauka ta wani kwarin a ɗaya gefen. Mafarauci ne ke fara bi, makiyayi ya biyo da dabbobinsa, fatake su biyo da jakuna, daga ƙarshe injiniya ya zo da motar gyaran hanya ya bi sawunsu, domin babu wanda ke son hawan da zai iya kauce masa.

Mashigin da mutanen Mubi suka fi sani shi ne na Sahuda, a ƙaramar hukumar Mubi ta Kudu, inda hanya ke haurawa ta ƙetara zuwa Bukula a Kamaru. Wanda ya taɓa bin ta ya san yadda take. Babura ne jere, an ɗaure musu buhuna da jarkoki har ba a ganin mai tuƙin sosai. A wurin hawa sai ka ji injin yana kuka, wani lokacin fasinja ya sauka ya taka da ƙafa har a wuce gangaren. A gefen hanya makiyaya na kora shanu, 'yan canji na zaune da sefa da naira. Abin da ke bi ta irin waɗannan hanyoyi shi ke raya kasuwar shanu ta Mubi, wadda dabbobinta ke fitowa daga Kamaru da Cadi, a loda su a tireloli zuwa kudancin Nijeriya. Ranar da aka rufe iyaka, mai shayi da mai dako da mai sayar da igiya duk sai sun ji a jikinsu.

A can cikin Kamaru akwai mashigin Koza, a kan hanyar Mokolo zuwa Mora. Hanyar tana lanƙwasa tana hawa a tsakiyar ƙasar Mafa, gonaki hawa-hawa dama da hagu, gidaje masu tsinin jinka a manne da duwatsu. A dā masu yawon buɗe ido sukan tsaya a nan don kallo kawai.

Akwai kuma hanyar da ba ta ƙetare dutsen ba, gindinsa ta bi ta yamma. Ita ce babbar hanyar da ta taso daga Yola ta bi Song, Gombi, Hong, Mararrabar Mubi, Uba, Michika, Gulak, Gwoza har Bama. Tsohuwar hanyar fatake ce tsakanin Borno da Adamawa. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya bi wannan yanki a watan Yuni 1851 daga Kukawa zuwa Yola, ya yada zango a Uba da Mubi.

Mutanen dutse da gonakinsu

Mai kallo daga ƙasa zai ɗauka babu abin da zai tsiro a kan waɗannan duwatsu. Amma an yi ɗaruruwan shekaru jama'a masu yawa suna zaune a kansu suna ci da kansu. Dalili na farko tsaro ne. A zamanin hare-haren neman bayi, doki ba ya iya hawa inda ƙafa ke hawa, don haka dutse ya zama mafaka. Littafin da Hamman Yaji, hakimin Madagali, ya riƙa rubuta al'amuransa na yau da kullum a ciki daga 1912 zuwa 1927 ya nuna irin hare-haren da aka riƙa kai wa ƙauyukan dutse har cikin ƙarni na 20. Ko sojan zamani ya san ƙarfin dutse. Wani hafsan Jamus mai suna von Raben ya ja daga a kan dutsen Mora tun 1914, sojojin Ingila da Faransa suka kasa fitar da shi, sai a watan Fabrairu 1916 ya miƙa wuya bayan sauran Kamaru duka ta faɗi.

Zama a kan dutse ya tilasta wa mutane wata dabara ta noma da ya kamata kowane manomi ya sani. Manomi yakan tsince duwatsun da ke gonarsa ya jera su a kwance, ya tare gangaren, ba siminti ba laka. Idan ruwa ya zo da ƙasa sai jeren ya tsayar da ita, ta taru a bayansa har wurin ya baje. Sai ya sake wani jeren a sama, da wani a samansa, har gefen dutsen ya zama hawa-hawa kamar matakalar bene. Ruwa ba ya gudu, sai ya tsaya ya nutse. A nan ake shuka dawa da gero da wake, a zuba takin dabbobi da tokar murhu. Kowace shekara kafin damina sai an bi an ɗora duwatsun da suka zame. Idan matasa suka tafi birni aka bar jeren babu gyara, damina kaɗan sun isa su kwashe ƙasar da kakanni suka tara.

Sukur

Idan ana maganar wuraren tarihi a duwatsun Mandara, da Sukur ake farawa. Tana cikin ƙaramar hukumar Madagali, a kan tudu mai tsawon kimanin mita 1,045. A shekarar 1999 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ta cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Ita ce ta farko a Nijeriya. Kurmin Osun da ke Osogbo bai shiga ba sai 2005.

Garin kashi biyu ne, Sukur Ƙasa da Sukur Sama. Mota tana tsayawa a ƙasa, sauran tafiyar da ƙafa ne, a kan hanyar da aka shimfiɗe da falalen duwatsu tun zamanin kakanni. Ƙafafun mutane sun goge wasu duwatsun har sun yi santsi. Kana hawa kana haɗuwa da mata ɗauke da kaya suna saukowa kasuwa, suna taka dutsen ba tare da sun dubi ƙasa ba. A can bisa ne fadar sarkin, wanda ake kira Hidi. An kewaye ta da katangar dutse zalla, dutse bisa dutse, da ƙofofi masu dogayen duwatsu a tsaye. A cikin gidaje akwai rumbuna, akwai masussukai, akwai kuma ɗakin sa, wanda ake haƙawa ƙasa-ƙasa a gine da dutse. A nan ake kiwata sa har ya yi ƙiba, ana kai masa ciyawa da ruwa, ana kwashe takinsa zuwa gona.

Arzikin Sukur na dā ƙarfe ne. Bayan ruwan sama, mutane kan tara baƙin yashi mai nauyi da ke kwantawa a rafuka, su wanke shi, su narka shi da gawayi a cikin matoya ana zuga. Ƙarfen da ya fito a ƙera shi sanduna, fatake su saya su kai Borno da sauran wurare, a yi fartanya da gatari da mashi. Sai da ƙarfen waje da na tsofaffin motoci ya yawaita a tsakiyar ƙarni na 20 sannan aka daina. Har yanzu ana ganin kufan matoyan.

A ƙarshen 2014, shekarar da 'yan Boko Haram suka mamaye Mubi a watan Oktoba kafin a kore su a Nuwamba, sun kai hari Sukur sun ƙona gidaje, fadar Hidi ma ba ta tsira ba. Jinka ta ƙone, amma katangun dutse sun tsaya, mutanen kuma suka dawo suka gyara. A 2025 UNESCO ta ƙara wani wuri daga waɗannan duwatsu cikin jerinta, wato tsofaffin gine-ginen dutse na Diy-Gid-Biy a ɓangaren Kamaru.

Rumsiki da garuruwan shaƙatawa

Garin shaƙatawa shi ne wanda mutane ke zuwa don hutu da kallo, mazaunansa kuma suna samun abinci daga hidimar baƙi. Irin waɗannan garuruwa sun fi yawa a kan tudu saboda sanyi. Ƙa'idar ita ce, duk hawan mita 1,000 zafi yakan ragu da kimanin digiri 6 da rabi a ma'aunin Salshiyas. Wannan ne sirrin Jos, mai tsawon kimanin mita 1,200, da na Obudu a jihar Kuros Riba, inda aka kafa gidan kiwon shanu a 1951 daga baya ya zama masaukin masu hutu. Haka tsaunin Mambila a jihar Taraba, wanda ya haura mita 1,500, inda ake noman ganyen shayi. Mambila tana cikin tsohon Lardin Sardauna tare da Mubi, kuma har yau sunan ƙaramar hukumar wurin, mai hedikwata a Gembu, ke nan, Sardauna. A wannan yanki ne Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, mita 2,419.

A duwatsun Mandara kuwa, garin da ya yi suna shi ne Rumsiki, a ɓangaren Kamaru, kimanin kilomita 55 daga Mokolo, kuma kilomita kaɗan daga iyakarmu ta wajen Michika. Abin da ke kai mutane can shi ne wasu dogayen duwatsu da suka tsaya cak su kaɗai a tsakiyar fili. Mafi shahara a cikinsu ya kai mita 1,224 daga daidai da fuskar teku. Masana sun ce miliyoyin shekaru da suka wuce duwatsu masu aman wuta ne a wurin. Narkakken dutse ya daskare a cikin maƙogwaronsu, ruwa da iska suka cinye jikin da ke kewaye saboda ya fi taushi, suka bar abin da ya daskare a tsaye.

Mutanen Rumsiki ba su tsaya ga kyan wurin kaɗai ba. An gina masauki mai fuskantar duwatsun. Samari suka koyi harsunan baƙi suka zama 'yan rakiya, masu dawaki suna ba da haya, masaƙa da maƙera da masu ginin tukwane suna aiki a gaban baƙo ya gani ya saya. Har wani mai duba da ƙaguwa ya zama abin kallo ga Turawa. Kuɗin baƙo ɗaya yakan ratsa hannu da yawa kafin ya bar garin. Amma tun daga 2013, lokacin da aka sace wasu Faransawa 'yan gida ɗaya a arewacin Kamaru, baƙi suka ɗauke ƙafa, sana'o'in nan suka durƙushe. Rumsiki ta koya mana abu biyu: dutse yana iya ciyar da gari, kuma rashin tsaro yana iya kashe wannan kasuwa cikin ɗan lokaci.

Abin da ya rage mana

Dutsen da ke Rumsiki da wanda ke Michika jeri ɗaya ne. Ga Sukur a hannunmu, ga tuddan Kwaja da Gella a bayan Mubi, ga duwatsun nan uku na Song da matafiyi ke gani daga kan titi. Mubi tana da masaukai, tana da kasuwa, tana da Jami'ar Jihar Adamawa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, masu ɗalibai daga sassan ƙasar nan. Ita ce ta fi dacewa ta zama zangon duk mai son hawa waɗannan duwatsu. Abubuwa huɗu ake buƙata. Na farko zaman lafiya, domin babu mai kai iyalinsa hutu inda yake tsoro. Na biyu hanya mai kyau har gindin dutse. Na uku masauki mai tsabta da ruwa da abinci. Na huɗu 'yan rakiya na gari waɗanda suka san tarihin wurin da gaske, domin da ɗan gari akan ci gari.

Biyun farko aikin hukuma ne, namu shi ne mu riƙa tuna wa wakilanmu. Biyun ƙarshe kuwa a hannunmu suke. A hannunmu kuma yake mu daina sare itatuwan gefen dutse don gawayi, mu daina cinna wa daji wuta, mu hana a kwashe duwatsun tsofaffin katangu a kai wurin gini. Dutsen da aka tsiraita shi ke turo ambaliya da yashi cikin gari.

Shawara ga mai tafiya

Lokacin da ya fi dacewa da hawa shi ne bayan damina, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A fara tambayar jami'an tsaro da mutanen wurin halin da hanya ke ciki. A yi sammako, a riƙe ruwa, a sa takalmin da ba ya santsi. Idan an isa, a fara gaida mai gari, kada a ɗauki hoton mutum ko wurin ibadarsa sai da izini. Direba ya duba birki kafin ya tashi, ya sauko gangare da ƙaramin giya, kada ya dogara da birki kaɗai, domin idan ya yi zafi yakan ƙi kamawa. Da damina kada a shiga rafi yana cike, a jira ya janye. Mai niyyar ƙetarawa Kamaru ya bi ta wurin jami'an shige da fice da takardunsa da katin rigakafin shawara.

Tambayoyi

1. Waɗanne ƙananan hukumomin Adamawa ne duwatsun Mandara suka taɓa?
2. Mene ne mashigi? Me ya sa hanyar mota ke bin sa?
3. Ina ruwan Yedzaram ke nufa, ina kuma na Mayo Luti ke ƙarewa?
4. Bayyana yadda jeren duwatsu ke hana zaizayar ƙasa a gona.
5. A wace shekara Sukur ta shiga jerin UNESCO? Kawo abubuwa uku da ake gani a can.
6. Mubi tana kan mita 580, Sukur tana kan mita 1,045. Nawa ne bambancin? Da kimanin digiri nawa Sukur za ta fi Mubi sanyi?
7. Me ya durƙusar da kasuwar baƙi a Rumsiki?

Aikin yi

Ku kasu uku-uku. Kowane rukuni ya zaɓi dutse ɗaya da ke kusa da unguwarsu ko ƙauyensu. Ku je wurin dattawa ku tambayi sunansa, da waɗanda suka taɓa zama a kansa, da hanyar da ake bi a ƙetare shi, da rafin da ke fitowa daga gare shi. Ku rubuta abin da kuka samu cikin jimla goma, ku zana taswirar hanyar daga ƙofar gidanku zuwa gindinsa, ku kawo aji mako mai zuwa. Kada ku jinkirta wannan aiki, domin yawancin labarin duwatsun nan ba a rubuce yake ba, yana bakin dattawa ne, ku kuma yanzu kun iya rubutu.